Mai Kwalli a Tulun Iya

Gara in faɗa tun daga farko cewa shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai ba a lokacin da abin yake faruwa, duk da cewa ni mutum ne mai yawo da ɗan littafi a aljihu. Wasu maganganun na tabbata haka aka faɗe su, don har yau ana maimaita min su a gida duk ranar da ake son a ba ni kunya. Wasu kuwa ƙila na haɗa na Laraba da na Juma'a. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na koma ƙauyenmu, wanda tafiyarsa daga Dutse ba ta kai awa ɗaya a babur ba. Tattalin arzikin noma na karanta a jami'a, aiki kuma bai samu ba. Kullum ina ji a jikina cewa mutanen gari suna jira su ga abin da digirin zai tsinana. Wataƙila babu mai jiran komai, ni kaɗai ne nake damun kaina. Ko ma dai yaya ne, na matsu in yi wani abin da za a gani.

Kakata, mahaifiyar babana, Iya muke ce mata. Tun ina ƙarami take kirana maigida, kamar yadda kakanni ke wasa da jikoki, ni kuma in ce na sake ta don ba ta iya shayi ba. Tana da gayauna a bayan gida, 'yar jigawa ce mai yashi wadda masara ba ta yarda da ita, takin zamani kuma bai taɓa shiga cikinta ba. Gurjiya take shukawa a can, da yakuwa a gefe-gefe. Mazan garin sun daɗe da komawa riɗi da gyaɗa, gurjiya ta zama noman tsofaffin mata. A ci a gida, a kai ɗan abin da ya ragu kasuwa, shi ke nan.

Wata rana a kasuwar Shuwarin na tsaya hira da wani ɗan kasuwa mai lodin hatsi zuwa kudu. Ya ce min a can ana neman gurjiya ƙwarai, niƙa ta ake yi gari, amma fara zalla suke so. Wadda aka gauraya da ja da baƙa, in ji shi, sai ya karya mata farashi. Na dawo gida kaina yana tururi. Ga abin da ba ya buƙatar taki, ga ƙasar da ba ta yin komai sai shi, ga mai saye yana jira. Na ga kamar na gano hanyar da matan garinmu za su riƙe ɗan abin hannunsu.

Na tarar da Iya tana ɗaure kaya. Gwaggona da ke aure a Yalwawa, cikin Dutse, ta aiko a kai Iya can a duba mata ido, za ta yi kamar mako biyu. Na zayyana mata zancen ɗan kasuwar tana saurare da rabin kunne.

"Allah ya kai mu," ta ce. "Kai dai maigida, tunda zaman banza kake yi, ka buɗe tulun nan na bayan gado ka gyara min irin kafin in dawo. Ruwa ya kusa zama."

"An gama, amarya."

Wannan kalma ta gyara ita ce ta kai ni ta baro.

Washegari na fasa lakar da aka liƙe bakin tulun da ita, na juye a kan tabarma. Irin yana cikin toka saboda ƙwari. Da na bakace tokar sai na ga abin da ya tayar min da hankali: fara, ja, baƙa, mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, duk a haɗe. Akwai kuma wata mai hasken ƙasa-ƙasa da baƙin zobe kewaye da idonta. Ita wannan na ɗauka fumfuna ce ta fara kama ta. A makaranta an koya mana cewa iri mai kyau shi ne wanda yake bai ɗaya, kuma ban ce malamanmu sun yi ƙarya ba, sai dai ni ban tsaya na tambayi wane iri ba, kuma a gonar wa.

Kwana uku na yi ina tsinta, ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya ƙage. Fara a faifai, sauran a roba. Da na gama na kai wa Umma, mahaifiyata, robar.

"Wannan tarkace ne, a dafa."

Ta dubi robar, ta dube ni. "Ka tabbata? Irin Iya ne fa."

"Umma, wannan fa shi na karanta."

"To, ka dai tabbata?"

Na ce na tabbata. Ban taɓa tabbatar da wani abu a rayuwata kamar yadda na tabbata a ranar ba, kuma ina jin tun daga nan ne na daina.

Aka yi sa'a, ko rashin sa'a, a makon ne babana ya kira gayyar noman firi a gonar gero. Umma ta jiƙa gurjiyar ta kwana, ta dafa ta da 'yar kanwa har ta yi luguf, aka zuba mai da yaji aka kai gona. 'Yan gayya suka cinye tas suna sa albarka. Ni kaina sai da na ƙara. Ba zan ɓoye ba, ta yi daɗi.

Ranar da Iya ta dawo ban bari ta huta ba. Na kawo faifan na ajiye a gabanta, fari fat, ina jiran yabo. Ta sa hannu ta juya, ta sake juyawa. Ta tashi da kanta ta kai faifan bakin ƙofa inda haske yake, ta kusantar da shi da fuskarta.

"Ina sauran?"

Na fara bayani. Na yi zancen kudu, da farashi, da iri bai ɗaya. Ta bar ni har na ƙare.

"Ina sauran, na ce."

Umma ce ta amsa daga tsakar gida, a hankali. "An dafa wa 'yan gayya, Iya."

Iya ta ajiye faifan. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon tulun.

"Gyara na ce maka," ta ce. "Ka cire mai ƙwaro, ka cire tsakuwa, ka bakace toka. Gyara ke nan. Wa ya ce ka kori 'ya'yan gida?"

Sai ta kira ni da sunana na yanka, ta ce in ɗauke faifan in mayar cikin tulu. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ni dai maigida na sani.

Daga ranar haka ta ci gaba da kirana. Tana amsa gaisuwata, tana tambaya ko na ci abinci, ba ta rage min komai ba sai wannan kalma ɗaya. Wanda bai tashi da kaka ba zai ce ai ba wani abu ba ne. Ni kuwa ko tuwo ba ya wuce min.

Umma ce ta warware min yadda abin yake. Ja da baƙa da mai ɗigon zabuwa, ta ce, ba a rasa su a maƙwabta. Wadda Iya take jimami ita ce mai baƙin zoben nan da na ce fumfuna ce. Mai kwalli ake ce mata a gidanmu, don kamar ta sa kwalli a ido. Daga wurin mahaifiyarta Iya ta zo da ita. Tana riga sauran nuna da makonni, saboda haka shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ita kaɗai ke cika ƙwaya. Fara kuwa tana da yawan 'ya'ya amma sai damina ta kai. Baƙa tana jure ƙwari a ajiya. Abin da ya sa ake haɗa su ke nan, duk yadda shekara ta zo ba a tashi hannu rabbana. Sauran matan garin sun bar mai kwalli ta ɓace musu tun tuni, don ƙwayarta ƙanana ce ba ta saurin cika kwano. Tulun Iya kaɗai ya rage.

"To shi ke nan ta ƙare?" na tambaya.

Umma ta ce, "Sai dai ko wajen waɗanda aka ƙulle wa."

Ashe akwai al'ada a ɗakin su Iya. Duk 'yar da za a kai gidan miji, ana ɗibar mata tafin hannu ɗaya daga tulun, a ƙulle a tsumma, a cusa cikin kayan ɗakinta. Ba a sanarwa, ba a nuna wa 'yan kallon kaya. Na girma a gidan nan, na ga an kai amare, ban taɓa sani ba. Ba abin da ake gaya wa maza ba ne.

Lokacin shukar gurjiya yana ta tafiya. Na ari babur ɗin ƙanin babana, na fara da Yalwawa.

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki. Labarin ya riga ni zuwa ta waya.

"Sannu da zuwa, likitan gurjiya! An ce har ƙari ka yi?"

"Gwaggo, don Allah. Ƙullin da aka ba ki yana nan?"

"Wane ƙulli? Ɗan nan, shekara nawa? A ina zan shuka, a kan siminti? Ina da cikin farko kwaɗayi ya kama ni, na soye abata da yashi na cinye."

Ta ga fuskata, sai ta daina dariyar. Ta ce in gwada Buji, wajen 'yar wan babana.

A Buji ma ban dace ba. Ita ta shuka nata shekara biyu ko uku, sannan mijinta ya haɗe gayaunar da gonarsa ya zuba riɗi. Irin da ta ajiye ƙwari suka mayar da shi gari. Ta ba ni fura, ta ba ni haƙuri, sannan ta ce abin da ya kamata a ce na fara tunani tun farko: ai Iya tana da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya a wani ƙauye kusa da Miga, kuma daga tulu ɗaya aka ƙulle musu.

Iya Ƙarama muke ce mata. Rabona da ita tun ina firamare. Na isa bayan azahar, ƙafafuna duk laka, don sau biyu babur ɗin yana kafewa. Na same ta a gindin bishiyar tsakar gidanta tana gyaran kuɓewa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Wa nake gani kamar mijin yayata? Kai ne ka cinye irin?"

"Ni ne, Iya."

"Kai kaɗai, ko da mataimaka?"

"Da 'yan gayya."

"To madalla. Ashe karatun da aka tura ka na cin iri ne. Da an sani ai da akuya aka tura, ta fi ka sauri."

Matan gidan suka kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai. Amma raina ya ɗan yi sanyi, don mai shirin hana ka abu ba ya tsayawa tsokanarka.

Ta riga ta yi shukarta, sai ragowar da take bari a gora saboda ko shuka ta ƙi a sake. Ta juye a faifai ta tura min. Haɗe yake kamar na Iya, har da wata ruwan hanta da ban taɓa gani ba.

"Tunda ka iya tsinta, bismilla. Ni idona ya gaji."

Na zauna ina yin aikin da na yi a gida, sai dai wannan karon abin da na zubar shi nake nema. Duk wadda na gani da baƙin zoben nan sai in ware ta gefe. Har aka yi la'asar ina kai. Abin da na tara, in ban manta ba, bai cika tafin hannu biyu ba. Ta raba shi biyu da gefen hannunta, ta mayar da rabi cikin gora.

"Wannan na gida ne. In ka sake cinye naka, a san inda za a zo."

Na sa hannu a aljihu. Ta harare ni.

"Fitar da hannunka. Ba a sayar wa ɗan gida iri."

"To na go..."

"Kul! A wajenmu ba a yin godiyar iri sai ya tsiro. Ka riƙe abarka."

Ta ƙulle min a gefen wani tsohon ɗankwali, ta ƙara da ɗan barbaɗin sauran launukan, wai kada su yi kewa a hanya.

Da na kai wa Iya, ta kwance ƙullin a bakin ƙofa, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta daɗe tana juya ta a yatsa. Ba ta ce ita ce ba, ba ta ce ba ita ba ce. Ta sa aka karɓo mata ja da baƙa a maƙwabta, ta juye su a kan farar da na sha wahalar warewa, ta zuba rabin mai kwallin, ta sa hannu ta cakuɗa. Ina tsaye ina kallon aikin kwana uku yana komawa yadda yake. Sauran rabin ta miƙo min.

"Ungo. Je ka yi bokonka a can gefen yakuwa."

Da sunana dai ta faɗa.

Na ja kunya uku a gefen gayaunar, na shuka mai kwalli ita kaɗai, don in sami irin da zai yawaita. Ban taɓa kula da wani abu kamar yadda na kula da kunyoyin nan ba. Safe da yamma ina can. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da suka fara fure Iya ta nuna min yadda ake tara musu ƙasa a gindi, ta karɓi fartanyar daga hannuna, ta yi guda biyu, ta mayar min. Ranar da suka tsiro kuwa na kira Miga a waya na yi godiyar da aka hana ni. Iya Ƙarama ta ce ta karɓa, amma in sa wa bakina ƙaya shi ma.

A ganina ruwan shekarar ya ɗauke da ɗan wuri, ko da yake babana yana cewa daidai ya kai, don haka ba zan kafe a kai ba. Abin da na gani da idona shi ne ganyen kunyoyina ya fara yin rawaya alhali na farar yana nan shar. A cikin nata haɗin ma Iya tana bi tana gane gindin mai kwalli ta ganye, ta tone shi ta bar sauran. Nan na gane cewa haɗin da nake gani kamar hargitsi, ita a wajenta kowa da gurbinsa.

Ta ware na iri tukuna, sannan ta ce a dafa ɗan kaɗan da ɓawonsa. Da hantsi ne, muna zaune a inuwar ɗakinta, ni da ita da Umma. Ta ɓare guda ɗaya, ta kai kusa da ido, ta jefa a baki. Ta ɓare ta biyu. Ni ko taɓawa ban yi ba.

"Maigida," ta ce, "miƙo min gishirin nan. Kai ko dafa gurjiya sai an koya maka?"

Umma ce ta dafa, ba ni ba. Ban gyara mata zancen ba. Na tashi na kawo gishirin, na ɗan daɗe a madafa kafin in fito.

Sai a damina ta uku irin ya yi yawan da za a fitar. Gwaggo ce ta kawo shawarar da ta fi duk tawa. Ta ce tunda mai kwalli tana riga kowa, a riƙa aiko mata da ɗanya tana dafawa tana sayarwa a ƙofar gida, lokacin da duk Dutse ba a fara ganin sabuwar gurjiya ba. Haka aka yi, kuma ba ta kwana. Ma'aikata masu dawowa daga ofis har sallahu suke bari. Da matan unguwarmu suka ga buhu yana hawa babur tun gero bai shigo gida ba, sai suka fara zuwa gaishe da Iya, kowace ta koma da ƙulli. Farar kuma, bayan an ware na iri a haɗe, ana tsince ta daga cikin amfanin a kai wa masu lodin kudu. Ashe tsintar da na yi ba laifi ba ce a kan abin sayarwa. A kan iri ne ta zama ɓarna.

Ba zan ce talauci ya bar garinmu ba, don bai bari ba. Ban kuma auna komai da ma'aunin da zan iya kare shi a gaban malamaina ba. Na dai san Iya ta sayi tunkiya, tunkiyar ta haihu. Na san wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ta daina sayar da geronta tun yana gona. Ko gurjiyar ce kaɗai ta jawo haka, ko da wani abin, Allah ne masani.

Da na sami ɗan aiki a Dutse, ranar da zan tashi, Iya ta sa na fito mata da tulun. Ta ɗebi tafin hannu ɗaya, a haɗe, ta ƙulle a tsumma ta cusa cikin jakata.

"Iya, ai mata ake ƙulle wa."

"Kai da ka zagaye ɗakunan mata tun daga Yalwawa har Miga? Ka shiga layi. Kuma in ka ji yunwa ka sayi burodi."

Ina shuka shi a ɗan filin bayan gidan da nake haya, ina sabunta shi duk shekara.

Waɗanda aka yi abin nan a gabansu suna nan da yawa: Umma, Gwaggo, 'yar'uwata ta Buji, mutanen gidan Iya Ƙarama, har da 'yan gayyar da suka taya ni ci. Idan na sa Buji kafin inda ya kamata, ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, ko sunan mai kwalli daban yake a garinku, don Allah a aiko min ta hannun Gwaggo, zan karɓa da hannu biyu. Roƙona ɗaya ne, a yi min gyara irin na Iya. A cire mai ƙwaro, a cire tsakuwa, a bar min sauran a haɗe.